Zakka Mai Madubai da Takardar da Na Rubuta a Kansa

Ranar Talata, 18 ga Agusta, 1998, da hantsi, Injiniya Zakka ya rasu a Gumel bayan jinyar mako biyu. Labarin bai iso garinmu ba sai washegari, a bakin wani direba da ya tsaya shan ruwa a famfonmu. Ina tsaye a wurin da buta a hannu. Ya faɗe shi sama-sama, yadda ake ba da labarin mutumin da ba a sani ba, bai san cewa ruwan da yake kurɓa mamacin nan ne ya jawo mana shi ba. Allah ne ya yi mu, wurinsa kuma za mu tattara gaba ɗaya, babu wanda zai yi saura.

Zakka, ni ne mai alƙalamin garinmu, ka sani. Wasiƙa zuwa ga ɗa a bariki, takardar neman aiki, koken iyakar gona, duk ƙofata ake bugawa, ina kuma jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Na rubuta ta'aziyyar mutane da yawa. Amma ban taɓa zama da biro a hannu ina jin kunyar farar takarda ba sai a kanka.

Ga wanda bai san shi ba, Zakka mutumin wani ƙauye ne kusa da Kafanchan, Kirista ne, ma'aikacin sashen ruwa. Ya zo Gumel da matarsa Magdalena tun muna ƙarƙashin jihar Kano. A 1990 wani shirin tallafi ya haƙa mana rijiyar burtsatse a garinmu da ke ƙasar Gagarawa, aka kafa mata injin da ke aiki da hasken rana, aka kuma sa firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani. Faya-fayan da ke kama hasken mu madubai muke ce musu, shi ya sa kowa ya san shi da Zakka Mai Madubai. Kafin zuwansa, rijiyarmu gaba arba'in ce, da sa ake jan guga, mace takan fita da asuba ta dawo rana ta take da tulu ɗaya.

Na tuna ranar da ka fara kafa su. Wani dattijo ya rantse cewa madubai za su riƙa korar hadari, jama'a kuma suka fara gunaguni. Ba ka yi masa dariya ba. Ka sauko daga tsani ka zauna kusa da shi a ƙasa, ka karɓi goronsa ka ci, ka ce idan damina ta ƙi a bana da hannunka za ka kwance su. Shekarar nan gero ya yi har rumbuna suka kasa. Daga baya duk zuwanka sai ka biya ka tambaye shi ko hadari ya aiko da saƙo.

Muna tsokanar ka da Hausarka ta mutanen kudu, kai kuma kana ramawa. Kakan ce Allah ya ba mutanen Gumel rana kyauta, su kuwa ba su da aiki sai zaginta, to kai ka zo ka sa ta aikin gayya. Matata Larai ta taɓa ɗaukar toka da soso ta goge madubi ɗaya tas, yadda take wa tukunya, wai don ta kyauta maka. Ka dubi karcen da ta yi, sannan ka yi mata godiya. Washegari ka tara matan unguwa ka nuna musu yadda ake shafawa da tsumma mai laushi da sanyin safiya, ba ka ambaci sunanta ba. In lokacin salla ya yi kana tsakiyar aiki, kai kake tuna wa masu riƙe maka tsani, ka zauna a inuwa ka jira su. Shekara shida muna haka, ban taɓa ganin famfonmu ya kwana uku a tsaye ba.

A farkon daminar 1995 aka yi iska da ƙanƙara, madubai bakwai suka tsattsage. Baturan firjin ɗakin shan magani, guda shida, su ma suka gaji. Ka lallaɓa abin da ya rage har bayan kakar 1996, lokacin da sababbin kaya suka iso. A nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faro.

A garinmu akwai al'adar da muka tarar. Duk abin gari da ya tsufa ba a yar da shi, ba a kuma sayar da shi, rabawa ake yi. Da aka sake rufin masallacin Juma'a, an shimfiɗa tsohon kwano a ƙofar mai gari, kowace unguwa ta ɗauki nata. Da aka rushe tsohon ajin firamare, haka aka yi da azara da tagogi. Don haka tun kafin sababbin madubai su sauka daga mota, an riga an gama rabon tsofaffin a baki. Barau mahauci ya ce kilishi zai riƙa shanyawa a kan nasa. Wani zai rufe bakin rumbu, wani zai yi ƙofar akurki. Batura kuwa Cindo maƙerin tukwane aka yi wa alkawarinsu. Cindo yakan narka gwangwani da tarkacen sanholo ya zuba tukunya, mu kuma da hannu muke auna tukunya, wadda ta fi nauyi ita muke ce wa mai ƙarko. Dalmar da ke cikin batir nauyi gare ta, kowa ya san haka.

Da aka kira ka ƙofar mai gari aka faɗa maka, ka cire hularka ka durƙusa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara, waɗannan ba irin kwanon masallaci ba ne. Madubin da ya fashe akwai dalma a mahaɗin wayoyinsa, ruwan sama zai riƙa wanke ta yana zubawa a kan abinci. Batir kuwa guba ne tun daga ruwansa har ƙarfensa. Kowane yanki akwai inda ya kamata ya je. Ku bar ni in kai shi."

Daga duk wannan bayani abu ɗaya kunnenmu ya ɗauka, wato baƙo zai tafi da kayan gari. Mai gari bai hana ka ba, saboda kayan hukuma ne, amma an watse rai a ɓace.

Ni ne magatakardan kwamitin ruwa, makullin ɗakin ajiya a hannuna yake. Da sassafen ranar da za ka zo da amalanke, na buɗe ɗakin na jawo batir ɗaya na kai wa Cindo. Na gaya wa kaina cewa haƙƙin gari nake karewa, alhali tukunyar da Larai ta daɗe tana nema nake hange. Da ka zo kana lodi sai ka ce, "Malam, ba shida ba ne?" Na ce, "Biyar ne, Injiniya." Ka dube ni, ka dubi ƙasa inda sawun na shidan yake a fili, ka ɗaure kayanka ka tafi.

Ranar Alhamis ta gaba Barau ya je kasuwar Maigatari, ya dawo da labari. Ya gan ka da idonsa kana ɗora baturanmu a babbar mota, ga kuma ƙarafan madubai a gefe. A ƙasar nan duk wanda aka gani da kaya a Maigatari, an gama yanke masa hukunci cewa Nijar zai tsallaka da su. Kafin la'asar an ce sefa ka karɓa, kafin magariba har an san wanda ya saya a Damagaram. Kwamiti ya zauna aka ce a kai koke, ido kuma ya dawo kaina.

Na rubuta, Zakka. Ba wanda ya matsa mini. Na zauna na tsara ta da Hausa mai kyau, na sake juya ta da Turanci don kada a ce ba a gane ba. Ban sa kalmar sata a ciki ba, na fi haka wayo. Na jera magana ne yadda duk wanda ya karanta zai faɗi kalmar da bakinsa. Da na karanta wa kwamiti suka riƙa gyaɗa kai, ni kuma kaina ya kumbura. Ina yin duk wannan ina sane da cewa batir ɗaya da ya ɓata ba kai ka ɗauka ba.

Mai gidanka na ofis da ya ba ka izinin kwashe kayan da baki an riga an yi masa canjin wurin aiki, ba ka da takarda ko ɗaya da za ka nuna. Aka dakatar da kai wata takwas, aka karɓe babur ɗin aiki. Da aka mayar da kai ma, ba a sake tura ka ƙauyuka ba, aka ajiye ka a harabar ofis kana gadin bututu. Na ji an ce 'yarka Joyce ta yi mako ba ta je makaranta ba saboda sunan da yara suka laƙaba mata. Na ji, na yi kunnen uwar shegu.

Saura kwana huɗu azumin 1997, bayan azahar, aka yi sallama a ƙofata. Kai ne, da buhu a kafaɗa, ƙafafunka sun yi futu-futu, tun daga Gagarawa Tasha ka tako. Nan take na shiga haɗa amsoshi a raina, na ɗauka maganar koke ta kawo ka. Ko tabarma ban shimfiɗa maka ba.

Ka ce, "Malam, ba maganar takarda ce ta kawo ni ba. Na biya maƙerar Cindo, na tarar da akwatin batir kaji suna shan ruwa a ciki. Ya ce tukwane uku ya zuba da dalmar. Ɗaya tana gidan nan."

Na ce, "To, sai me?" Haka na ce maka, ban manta ba.

Ka ce, "Azumi ya zo. Na san kunun tsamiya za a dama a cikinta kwana talatin, tsami kuma shi yake fito da dalma. Babba zai ɗan jure, yara ne ba sa jurewa. Ka ba ni ita, ga wannan a madadinta."

Ka kwance buhu ka fito da tukunya. Ba sabuwa ba ce, gindinta baƙi ƙirin da hayaƙi, daga murhun Magdalena ka ɗauko ta. Ina tsaye sai ga Larai ta fito daga bayan ƙyaure da tamu a hannu, ta durƙusa ta ajiye maka. Ka je sauran gidaje biyun ka yi musu yadda ka yi mana. Ka karɓe akwatin batirin, ka sa Cindo ya kankare ƙasar wurin da ya narka dalmar ka ƙulle ta a buhu. Duk inda ka shiga, ba ka gaya wa kowa wanda ya ba Cindo batirin ba. Kafin ka kama hanya ka tsaya a famfo, ka kasa kunne, ka ce injin yana wani kuka, ka hau ka ɗaure wata waya da ta saki. A lokacin an dakatar da kai, kuma saboda mu.

Bayan tafiyarka Larai ta ce, "Malam, mutumin nan ka rubuta wa takarda?" Na daka mata tsawa na ce ta koma madafa. Ta koma, ta ɗora tukunyar Magdalena, da ita muka yi azumin nan.

Gab da babbar salla na kai rago kasuwar Maigatari. Rana ta kore ni na fake a rumfar wani mai haɗa tagogi, sunansa Ɗantala. Da ya ji sunan garinmu sai ya washe baki, ya ce ai ya san Injiniyanmu. Ban tambaye shi komai ba, shi ya kwashe labari ya ba ni. Ya ce kai ka kawo masa ƙarafan madubai kyauta, da sharaɗin taga zai yi da su, kada ko guntu ya shiga hannun masu zuba tukunya. Ya ce wayoyin jan ƙarfe daban ka ware su. Gilashin da ya tsage ka naɗe shi a buhuna, ka haɗa da batura ka ba wani direba da ke komawa Kano ba kaya bayan kasuwa, ya kai wa masu sabunta batir. Shi ya sa ka je Maigatari, nan ne ake samun mota. Ya ce madubai biyu da ka gwada ka ga da sauran ransu, ka haɗa su ka kafa wa wani ɗakin shan magani a ƙasar Sule Tankarkar, har yau suna aiki. Ya ƙare da cewa ya ji wasu marasa tsoron Allah sun shafa maka kashin kaji. Na ce masa, "Allah ya kyauta." Na sayar da ragona na dawo gida.

Daga ranar nan zuwa ranar da ka rasu wata goma sha shida ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, ya fi takardar kanta. Lokacin da na rubuta koke ina iya cewa rabin gaskiya na sani. Amma wata goma sha shida ina riƙe da ita cikakkiya, shafi ɗaya ya isa ya wanke ka, biro kuma yana aljihuna. Sau uku ina fara rubutawa ina yagewa. Tsoro nake ji a ce Malam Habibullah, mai alƙalamin gari, shi ya ɓoye batir ya kuma ɗora wa wani. Tsoro nake ji a daina buga ƙofata. Na auna sunana da naka, na zaɓi nawa, kullum ina cewa sai bayan girbi, sai bayan salla.

Sau biyu na gan ka a tashar Gumel. Na farko na laɓe a bayan mota har ka wuce, ni da furfurata. Na biyu kai ka riga ganina. Ka miƙo hannu ka ce, "Malam, yaya yaran? Ciki ba ya damun su ko?" Na ce lafiya lau suke. Ka ce, "To, mun gode Allah." Ka rame a lokacin, na lura. Maganar ta zo har bakina, sai kwandasta ya kira Gagarawa, na ruga na shiga mota kamar ita ce ta ƙarshe a ranar. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Sai ranar Juma'a na iya zuwa gaisuwa, kwana uku bayan rasuwarka. Na tarar da gidanka cike, matan coci suna waƙa a hankali, ga 'yan ƙauyuka da ka yi wa aiki sun zo daga nesa suna zaune a waje. Na nemi a yi mini iso wurin Magdalena. Tana zaune a tabarma, Joyce na jingine da ita. Na yi gaisuwa yadda ake yi, sannan na faɗa mata komai, tun daga makulli har rumfar Ɗantala. Ban iya ɗaga ido ba har na gama.

Sai ta ce, "Malam, ai ya sani. An nuna masa takardar a ofis, tun layin farko ya gane hannunka. Ya ce duk ƙasar nan babu mai rubutu mai kyau irin naka."

Na ce, "Maman Joyce, ki yafe mini."

Ta ce, "Shi ya yafe tun tuni, ya hana mu ambaton maganar a gidan nan. Ni ban kai nan ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya a zaman makoki ba. Amma akwai abin da za ka yi. Asabar mai zuwa za mu kai shi gida. Can ƙauye abin da suka ji kawai shi ne an kama shi da kayan gwamnati. Mahaifiyarsa tana da rai, shekara biyu ke nan ba ta shiga kasuwa saboda maganar. Abin da ka faɗa mini yanzu ka rubuta shi, ka sa sunanka, a karanta kafin a rufe shi."

To ga shi na rubuta, Zakka. Na yi kwafi uku, ɗaya na ofishinku, ɗaya na mai garinmu, ɗaya zai bi ka gida. Na san ya zo a makare. Ba zai mayar maka da wata takwas ɗin nan ba, ba zai mayar da kai kan babur ɗinka ba, kai kuma ba za ka ji shi ba. Ina jin kunyarka, ina jin kunyar matarka da 'yarka, ina jin kunyar Larai da ta gane gaskiya daga bayan ƙyaure tun ranar farko.

Hanyar ibadarmu ba ɗaya ba ce, amma wanda ya halicce mu ɗaya ne, rahamarsa kuma ta fi ilimina faɗi nesa ba kusa ba. Na miƙa ka gare shi. Ya duba ruwan da ka shayar da mutane da dabbobi, ya duba yaran da ka tsare daga guba iyayensu ba su ma sani ba, ya saka maka da mafificin abin da yake saka wa masu kyautatawa. Ni kuma ya yafe mini zaluncin da na yi maka, ya sa kada in sake ɗaukar biro a kan wani bawansa ba da gaskiya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Magdalena da Joyce, Allah ya ba ku haƙuri, ya zama gatanku, ya raya Joyce ta ɗaga kai a duk inda aka kira sunan mahaifinta. Ina yi wa abokan aikinsa ta'aziyya, da jama'ar cocinsu a Gumel, da mutanen ƙauyukan Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar da suka sha ruwa ta hannunsa.

Sai ke, Mama, da ban taɓa gani ba. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki juriyar wannan rashi. Ina roƙon mai karanta wannan takarda ya ɗaga murya a nan, yadda na bayan taro ma za su ji. Ɗanki bai ɗauki komai na kowa ba. A duk kayan nan abu ɗaya ne aka sace, kuma ni na sace shi. Ki shiga kasuwa, Mama.

Malam Habibullah,
magatakardan kwamitin ruwa,
ƙasar Gagarawa, jihar Jigawa.